Sunan Inna a Jikin Inji

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki na masana'anta. Mu nan lafiya lau, sai dai idon Inna da yake ƙara yin hazo. Likita ya ce sai an yi aiki, ita kuwa ta ce idon da yake gane kazar da ke shirin saka ƙwai tun daga bakin ƙofa bai kai a taɓa shi ba. Kin san goggon taki, ba a kayar da ita a gardama.

Na san za ki ce wannan ɗan goggon ba ya tunawa da mutum sai da buƙata. Ba zan musa ba. Zumuncin namu ma sai an bi ta kan kakanni ake samun bakin zarensa, ga shi rabonmu da haɗuwa tun rasuwar kakanki. Amma Yaya Yaya ce, ko ta nesa. Na rubuto ne maimakon in kira ki, domin shagona da ɗakin Inna bango ɗaya ne. Idonta ya raunana, amma kunnenta yana jin faɗuwar sukuru. Direban babbar motar da ke kawo mana kaya daga wajenku ya ce zai riƙa kai miki takarda, ya kawo min amsa.

Ga maganar. Na fara haɗa akwatin ƙyanƙyasar ƙwai, ƙarami, daidai matan unguwarmu masu kiwon kaji a tsakar gida. A cikinsa akwai tiren da ke ɗauke da ƙwai, wanda dole ya riƙa karkata dama da hagu lokaci zuwa lokaci, kamar yadda kaza ke juya ƙwanta. Abin da zai karkata shi shi ne ɗan injin nan sarbo da kuke ƙerawa. Na ji an ce in mutum ya ɗauki da yawa iri ɗaya, kuna manna masa ɗan farantin ƙarfe a jiki da sunan da yake so. Tunda iri ɗaya za a yi, na zaɓi mai juyawa ba tsayawa, ba mai zuwa kusurwa ya tsaya ba. Da shi zan yi tire, in yi fanka, in yi har ƙafafun 'yan mutum-mutumin da nake haɗa wa makarantar bayan layinmu. A tire lokaci zan sa masa, ya juya kaɗan ya dakata.

Sunan Inna nake so a jiki, Yaya. Cikakke, da manyan baƙaƙe, farantin ya rufe gefen injin daga sama har ƙasa, yadda za ta karanta da kanta ba sai an karanta mata ba. Da kajinta ta kai ni koyon sana'ar nan, kuma har yau ba a taɓa rubuta sunanta a jikin komai ba in ban da katin asibiti. Ga zanen nan na haɗo miki. Kada ki yi dariyar rubutuna, hannun sukundireba ne.

Ƙaninki

*

Zuwa ga Sarkin Zumuɗi,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, direban ya miƙo min ita a bakin get duk ta sha man inji. Lafiyata ƙalau, sai mura da ba ta rabuwa da ni. Ɗakin gwajin da nake aiki sanyi ake sake masa dare da rana saboda injunan, mu mutanen ciki ba a tambayi ra'ayinmu ba. Ka gaishe min da Goggo da kyau, ka ce mata in ta ƙi likita ni ma zan ƙi gaishe ta.

Dariyar rubutunka kam na yi, amma ba ta daɗe ba. Abin da ka yi niyya abu ne mai kyau, kuma na ji kunyar cewa kai ka tuna, mu da muke buga sunayen baƙi a jikin ƙarfe kullum ba mu taɓa tunawa da namu ba.

Na kai zanenka wurin mai buga tambari, mun ɗora shi a kan inji mun gani. Farantin ya yi wa gefen injin yawa. Ka bari in rage shi zuwa rabi, ko kuma a sa gajeren sunan shagonka a nan, sunan Goggo ka rubuta shi da fenti a murfin akwatin. Kai mai sana'a ne, ka san yadda irin wannan sarbon yake, ba sai na tsaya faɗa maka ba. Ka ba ni amsa ta hannun direba kafin a sa aikinka a layi.

Abinci a nan sai haƙuri, ɗakin kwana kuma mu da yawa ne, kowa da tarinta. In ka ga na yi ƙiba a hoto, rigar sanyi ce.

Yayarka

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya.

Na karanta takardarki har sau biyu don kada in zalunce ki. A rage sunan, ko a cire shi a kai shi murfi da fenti, inda ruwa zai wanke. Na gane. Tun ina ƙarami nake ganin yadda Inna ke zuwa gidanku da kwandon ƙwai a ajiye ta a bakin ƙofa, a ce mai kaji ta zo. Na ɗauka wannan ya wuce tare da waɗanda suka yi shi. In sunan mai kaji bai isa ya hau kayan masana'antarku ba, ki faɗa min kai tsaye, in nemi wani wuri. In kuwa ya isa, a yi shi yadda na zana, ba ragi ba ƙari.

Ƙaninki

*

Ƙanina,

Bayan gaisuwa. Ina fatan Goggo tana samun sauƙi.

An yi yadda ka zana. Ga kwalin nan a hannun direba. Ni da kaina na gwada kowane ɗaya kafin a manna farantin, duk suna tsayawa cik in an ce su tsaya. Allah ya sa albarka.

Yayarka

*

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma sunkuyar da kai kaɗan, don na san takardata ta baya ta yi zafi. Halina ne, kin san bakina yana riga hankalina fita. Ya murar? Mu lafiya lau, Inna ma har ta fi ni lafiya a kwanakin nan, kuma ke ce dalili.

Da kwalin ya iso na kira ta shago na ce ta zo ta duba min wani abu. Ta shigo tana faɗan na bar wayoyi a ƙasa za su harɗe ta. Na sa mata inji ɗaya a hannu. Ta kai shi har saitin hancinta, ta juya shi wajen hasken ƙofa, bakinta yana motsi. Ta daɗe a haka. Sai ta ce, “Wa ya ce maka a yi wannan ɓarnar ƙarfe?” Daga nan ta ɗaure shi a bakin zaninta ta fita da shi, har yau ban sake ganin wannan ɗayan ba.

Tun ranar ban sake neman mai saye da bakina ba. Inna ce take ɗaukar mayafi ta bi gida gida. Matar tela ta karɓa, matar mai gyaran famfo ta karɓa, malamar asibitin da ke ƙarshen layi ma ta ce a kai mata. Wadda ta fi ba da wuya ita ce Mai Kitso, ƙawar Inna tun suna 'yan mata. Kin tuna ta, doguwar nan mai muryar da ake ji daga titi. Tana da wasu manyan kaji jajaye da ta daɗe tana tara irinsu, ba ta yarda ko kazar wani ta kwanta a kan ƙwansu, balle akwati. Inna ta buɗe mata murfi ta nuna mata farantin, ta ce, “Sunana ne a ciki. In ya ci amanarki, ni na ci.” Mai Kitso ta kwaso ƙwanta gaba ɗaya ta jera a tire.

Na gwada kowane akwati a shago kafin ya fita, ƙofarsa a buɗe ina kallo. Tire ya karkata, ya tsaya, ya dawo, ya tsaya. Aikinku yana da kyau, ki gaya wa mai buga tambari na gode. In 'yan tsaki suka fito zan aiko miki da hoto, ki nuna wa masu tarin ɗakinku.

Ƙaninki mai saurin fushi

*

Ƙanina,

Assalamu alaikum. Ina fatan ku duka kuna lafiya. Ni da sauƙi, murar ta tafi ta bar min tari.

Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannunsa babu komai. Na tambaye shi ko ya gan ka, ya ce ya tarar da shagon a rufe da rana tsaka, ya ƙwanƙwasa ba a buɗe ba. Na kira wayarka tana ta ringi ba ka ɗauka. In har yanzu fushin nan ne, ai ka ce ya wuce. In kuma jikin Goggo ne, bai kamata a ɓoye min ba.

Lokacin ƙyanƙyasa ya wuce yanzu, ban ga hoton da ka yi alkawari ba. Ka gaya min abu ɗaya ko da a layi guda ne: tiren yana tsayawa inda ka ce ya tsaya bayan akwatin ya yi zafi? Tun da na karanta cewa ƙofa a buɗe ka gwada, abincina ba ya shiga da kyau.

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Jikinmu lafiya, kada ki damu da wannan. Inna tana cin abinci, tana sallarta. Ranar da direba ya ƙwanƙwasa ina ciki, ina jin sa. Wayarki ma ina gani. Kunya ce ta hana ni, ba fushi ba.

Tiren bai tsaya ba. A kwanakin farko komai daidai. Ashe da akwatin ya ɗumama, in allon lantarkin da ke ba da umarni ya ce wa injin ya tsaya, ba ya tsayawa sosai. Yana ci gaba da tafiya a hankali, tafiyar da ido ba ya gani, kamar hannun agogo. Kullum tiren yana ƙara kwanciya gefe guda. Na gaya wa matan kada su riƙa buɗe murfi don kada zafi ya fita, su kuwa suka bi maganata sau da ƙafa. Wari ne ya fara sanar da su. Ƙwan duk sun gangara lungu ɗaya sun haɗu sun farfashe, kuma sun riga sun yi 'yan tsaki a ciki, har da gashi.

Matar tela ta aiko a kira ni, ta nuna min tiren. Malamar asibiti ta ce ƙaddara ce, amma ba ta kalle ni ba da take faɗa. Mai Kitso kuwa ba ni ta nema ba. Ta juye tiren a cikin roba, ta ɗauko a ka ta ratso layin nan kowa yana gani, ta dire a ƙofar ɗakin Inna. Ta ce, “Ga amanar.” Ta juya ta tafi. Ina tsaye a bakin shago da sukundireba a hannu, ban iya ko matsawa ba. Inna ce ta durƙusa ta ɗauki robar ta kai bayan gida ta binne da hannunta, ta hana ni taimaka mata.

Tun ranar ba ta sake taka ƙofar gida ba. Matar da in gari ya waye sai ta gaida layin nan kaf kafin ta karya kumallo, yanzu mayafinta yana rataye har ya yi ƙura. Ta kama kajinta masu ƙwai ta sa na kai wa kowace mace. Sun karɓa, ban da Mai Kitso, wadda ta sa aka dawo da tata ƙafa a ɗaure yadda na kai. Abin da ya fi ci min rai, sunan ya zama abin wasa a bakin masu shaguna. In fanka ta ƙi mutuwa ko famfo ya ƙi rufuwa, sai wani ya kira sunan Inna a yi dariya. Suna yin shiru in na zo wucewa, amma bangonmu ba kauri gare shi ba, kuma kin san kunnenta.

Na san irin wannan sarbon yana da ɗan ramin saiti, inda ake sa siririn sukundireba a daidaita tsayawarsa. Na juya naku ta ko'ina ban ga rami ba, har na fara zagin masana'antarku a raina. Sai na ɗauko wani tsoho marar tambari daga cikin tarkacena na ajiye su gefe da gefe. Ramin yana nan a gefe, daidai inda na ce a shimfiɗa farantin. Ni na rufe shi, Yaya, da zanen hannuna. Abin da kike faɗa min ke nan, ni kuma na tashi na zage ki har da iyayenki da suke kabari.

Na sa bakin wuƙa a gefen faranti ɗaya zan ɗaga, hannuna ya ƙi. Akwatunan suna gidajen mutane a kashe, ni ina zaune a shago a rufe. Ban san da wace fuska zan ce ki yafe min ba.

Ƙaninki

*

Ƙanina,

Assalamu alaikum. Na gode wa Allah da jikinku lafiya. Na karanta takardarka a tsaye a bakin get, na kasa komawa ɗakin gwaji sai da na shiga bayi na wanke fuska.

Kada ka nemi yafiyata, don ba kai kaɗai ka rufe ramin nan ba. Na gan shi tun ranar da muka ɗora zanenka a kan inji. Abin da ya kamata in rubuta maka shi ne, farantin zai rufe ramin saiti. Ban rubuta ba, wai kada ka ga ina koya maka sana'arka don na yi karatu. Na yi ta kewaye-kewaye ina jiran ka gane. Da amsarka ta zo kuma sai zuciya ta ɗebe ni. Abin da ka faɗa game da gidanmu ba ƙarya ba ne, shi ya sa ya yi min zafi. Na ce a raina, tunda ya san komai, a ba shi abin da ya ce. Na saita su a ɗakinmu mai sanyi, na san sarai cikin zafi za su zauna. Ina tsaye mai tambari yana shafa gam yana mannawa ɗaya bayan ɗaya, har ya ɗago ya ce, “Injiniya, an tabbata?” Na ce an tabbata. Kai ka yi kuskure cikin rashin sani da son uwarka. Ni na sani na yi shiru, don in ci gardama. Robar da aka dire wa Goggo, rabinta laifina ne.

Yanzu ga gyara, kuma wannan karon zan faɗa dalla-dalla ko da ka sani. Allon da kake sawa ba ya yanke wa injin umarni, don haka dole a taɓa saitin. Kada ka kwance jikin injin, haƙoran ciki za su zube maka. Ka kunna akwatin a rufe ya yi zafinsa na aiki sosai, sannan ka buɗe ka sa sukundireba a ramin, ka murɗa kaɗan kaɗan har ka ji injin ya yi tsit, ko ƙara ba ya yi. Bayan haka ka sa ɗan makunni a kowane gefen tire, wanda zai yanke wuta in tiren ya wuce iyaka. Ga su nan na sako a kwali.

Saura maganar faranti. Ramin yana ƙarƙashin tsakiyar sunan. Ko a huda ta cikin baƙaƙen, ko a ɓamɓare farantin gaba ɗaya. Shawarata ka ɓamɓare, ka ɗumama gam ɗin zai saki. Sunan ya huta da bakin mutane, Goggo kuma ba sai ta sani ba. In komai ya lafa zan buga maka ƙanana da ba sa rufe komai.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka gaya mata hannuna yana ciki. Ni ban iya kiran ta in faɗa da bakina ba, na gwada na ajiye wayar.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Kwalin ya iso, na gode. Ina fatan tarin ya sake ki. Mu muna lafiya. Inna tana gaishe ki, kuma za ki ji saƙonta a ƙasa.

Na bi shawararki, ko in ce na fara bi. Na ɗauki ɗaya daga cikin injunan da suka rage a shago, na ɗumama, na sa wuƙa ina kankarewa a hankali. Ban kai rabi ba na ji Inna a bayana. Ta ce, “Me kake kankara tun ɗazu kamar ɓera?” Na rasa ƙaryar da zan yi, sai na gaya mata komai, ramin da farantin da takardar da na rubuta miki, da abin da kika ce in faɗa mata. Ta saurara har na gama. Game da ke ta ce, “Ka ce mata na ji. Ku biyun duk girman kai ne ya yi muku yawa, ita nata a rufe, kai naka a buɗe. Ta sha magani ta daina tarin nan.”

Sai ta tambaye ni, in an cire farantin, sunan wa zai rage a jiki. Na ce babu. Ta ce, “Wato da ƙwai suka fashe sunana ne, in sun ƙyanƙyashe kuma ba na kowa ba ne? Huda shi.” Na ce Inna, ta tsakiyar sunan zai bi. Ta ce, “An riga an huda shi a layin nan, kai naka na ƙarfe ne kawai. Ɗauko jakarka.” Na ce ta bari in je ni kaɗai, ni na yi ɓarnar. Ta ce ba ni na shiga gidajen na ba da baki ba. Ta kaɗe mayafinta ta yafa.

Yaya, ban taɓa sanin layinmu yana da tsawo haka ba. Masu shaguna suka yi tsit, ita kuwa ta gaida kowa da sunansa, har wanda ya fi kowa iya wasan nan. Ya amsa yana kallon takalminsa. Ni ina bayanta da jaka, ji nake kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Inna ta ce daga gidan Mai Kitso za mu fara. Mun yi sallama ta fi a ƙirga kafin a amsa. Mai Kitso ta fito ta tsaya a ƙofa, hannu a ƙugu, ba ta ce mu shiga ba. Inna ta ce, “Ba haƙuri na zo ba ki ba, na san bai isa ba. Yaron nan zai gyara akwatin a gabanki, in kin ga dama ki sa ƙwai, in ba ki ga dama ba ki zuba gawayi a ciki.” Mai Kitso ta ce, “Yana bayan ɗaki, kaji suna kwana a kai.” Ta matsa kaɗan, daidai yadda mutum zai wuce a karkace. Ba ta kawo tabarma ba, sai Inna ta zauna a kan bulo.

Na share akwatin na kunna, muka zauna jiran ya yi zafi. Da na buɗe na kai hannu wurin injin da abin hudawa, sai na ga ba a bar min aikin ba. An riga an kankare farantin da wuƙa, an bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya har ƙarfen ya yage, ramin saitin yana leƙowa ta cikin yagar. Na ɗago na kalli Mai Kitso, ta kawar da kai.

Na so in rufe da jikina, amma Inna ta ji shirun ya yi yawa. Ta ce, “Ka huda?” Na ce ana kai. Ta taso ta ce in matsa ta ga inda zai bi. Cikin akwatin da duhu, idonta ba zai gani ba, sai ta zura hannu ta shafa gefen injin. Na ga yatsanta ya tafi ya dawo, ya sake tafiya. Bakin ƙarfen ya yanke ta kaɗan. Ta zaro hannun ta goge a zaninta. Sannan ta ce, “To, ta rage maka aiki. Gyara.”

Na murɗa har injin ya yi tsit. Sannan na ɗaura makunnan. Mai Kitso ta shiga ɗaki ta fito da tsumma da ruwa a kofi, ta ajiye kusa da ƙafar Inna ba ta ce na mene ne ba. Inna ta ɗaure yatsan. Da za mu fita Mai Kitso ta ce wa bango, ba mu ba, “Jajayen kajin sun fara saka wasu ƙwai.” Inna ta ce Allah ya sa albarka. Ban sani ba ko za ta sa su a akwatin, kuma ban isa in tambaya ba.

Kada ki buga ƙananan farantan, Yaya. Inna ta ce a bar sauran yadda suke, a huda.

A hanyar dawowa ba ta gaida kowa ba, ta riƙe hannuna, abin da ba ta taɓa yi a titi ba. Sai da muka kai ƙofar gida ta saki. Ta ce, “Saura gida nawa?” Na ce da sauran su da yawa, Inna, ki huta in ƙarasa. Ta ce, “Gobe ka tashe ni da wuri.”

Ƙaninki